Maɓallin da Ya Ƙi Shiga

Tela bai taɓa kuskuren awo ba. Shekara ashirin da biyu yana kan keken ɗinki, an sha yi masa tijara saboda saɓa alkawarin rana, wannan kam ciwon duk teloli ne, amma ba a taɓa dawo masa da riga don ta matse ko ta yi yawa ba. Shi ya sa da matarsa ta ce masa da safen nan, "Oga Tela, wannan karon ka kwafsa, hannun rigar nan ya yi mini kaɗan," sai ya ajiye kofin shayinsa bai kurɓa ba.

Matar tasa nas ce a ɗakin haihuwa na asibiti. Sista kowa ke ce mata, har uwar da ta haife ta, kuma in Sista ta yi magana a kan lafiya, to an rufe babin. Kwana shida ke nan da ta haihu, haihuwar fari bayan shekara takwas ana zuba ido, 'ya mace da suke kira Baƙuwa. Rigar da ake magana shi ya ɗinka mata, shuɗiya mai maɓallai a gaba don sauƙin shayarwa, da dogon hannu mai maɓalli ɗaya a wuyan hannu. Da ita ta dawo gida ranar da aka sallame ta, kwana huɗu da suka wuce, kuma shi ya sa mata maɓallin nan da kansa, har da sararin da yatsa zai shiga.

"Kawo hannun in gani," ya ce.

"Me za ka gani? Rowar yadi ka yi, shi ke nan."

Ta miƙo hannun idonta a rufe. Tana jingine da filo biyu, ta sa an saki labule, ɗakin ya yi duhu da ƙarfe tara na safe. Ya ja bakin hannun rigar don ya haɗa, maɓallin ya ƙi kaiwa ƙofarsa, tsakaninsu faɗin babban yatsa. Ya sauke tef daga wuyansa, don shi ko shayi zai sha da tef a wuya yake sha, ya zagaya wuyan hannun nata. Bakwai da rabi. Shida da rabi ya sani tun ranar da ta fara kawo masa ɗinkin farar rigar aiki, tun kafin ya yi ƙarfin halin ce mata yana sonta.

"Inci ɗaya kika ƙara, Sista. A kwana huɗu."

"To sai me? Ruwa ne, duk mai jego tana kumbura. Yau kuma aikina za ka koya mini?"

Ya dubi fuskarta da kyau. Kumatun sun ciko suna sheƙi, idanun sun shige ciki. A kan teburin gefen gado akwai katin ƙwayoyin ciwon kai. Jiya da rana shida ya gani a jiki, yanzu saura biyu.

Surukarsa ta shigo ɗauke da Baƙuwa a cikin tawul. Inna ta zo ne tun ranar haihuwa don ta kama wa 'yarta aiki, kuma tun zuwanta Tela ke tafiya a gidansa kamar baƙo, yana rage murya, yana sunkuyar da kai. Shekara takwas bai taɓa ce mata a'a ba, ko da kuwa cewa ta yi shayinsa ya fi kyau ba sukari.

Sista ta ɗaga hannu ta kaɗa iska a gaban fuskarta. "Inna, ƙudajen nan daga ina suke shigowa? Tun ɗazu suke mini walƙiya a ido."

"Wane ƙuda kuma? Har ƙarƙashin gado na share."

Tela ya duba sama ya duba ƙasa, ko ƙuda ɗaya babu. Ya fita.

Shagonsa a jikin gidan yake, ƙofa ɗaya ce tsakani. A bango kusa da keke akwai doguwar ƙusa da yake tsire takardun awon mutane. Takardun nan kuwa ba saya yake ba. Duk lokacin da asibiti ya buga sababbin takardun gargaɗi na masu ciki da masu jego, sai Sista ta kwaso masa tsofaffin, shi kuma ya riƙa rubuta ƙugu da kafaɗa a bayansu. In ciniki ya yi sanyi sai ya juya su yana karantawa don kashe lokaci. Da haka ya haddace su fiye da matan da aka buga dominsu.

Ya zare ta sama. A baya wandon wani mai tumbi ne, ƙugu arba'in da huɗu. Ya juya. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani. Ganin walƙiya ko dishi-dishi. Kumburin fuska da hannu farat ɗaya. Ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari ta dama. A ƙasa da jan rubutu an ce hawan jinin ciki yana iya kama mace har bayan ta haihu, kuma yana kai ta ga jijjiga, kada a jira a ga abin da gobe za ta yi. Ya ƙirga a yatsunsa, uku ya gani da idonsa. Na huɗun kuma ya tuna da asuba ya ga tana matsa gefen cikinta, ta ce masa iska ce.

Ya tsaya da takardar a hannu yana jin tsoro iri biyu. Akwai tsoron abin da ke rubuce, akwai kuma tsoron ya koma ɗakin can, shi tela, ya faɗa wa nas mai shekara goma sha uku a bakin aiki cewa ba ta san jikinta ba, a gaban uwarta. Har ya taka keken ya ja layi ɗaya a kan wata riga, layin ya karkace. Ya tashi.

Jakar aikinta na rataye a bayan ƙofar ɗakin. Ya san na'urar awon jini na ciki, don shi ya sake ɗinke mata maɗaurin bara da ya tsage. Ya fito da ita ya ajiye a kan gado.

"Wa ya ce ka taɓa mini jaka?"

"Bari in auna ki. In babu komai, na yi alkawari har ki koma aiki ba zan ƙara buɗe baki ba."

"Ba za a auna ba. Barci nake nema, kun hana ni da surutu."

Inna ta gyara zama, Baƙuwa na cinyarta. "Ɗan nan, ka bar ta mana. Ita ce fa ma'aikaciyar. In da wani abu ai ita za ta fara sani. Je ka shagonka, mu mata mun san kan abinmu."

A nan ne kullum yake cewa "To, Inna," ya ja takalmansa. Ya ji kalmar ta zo masa har leɓe. Ya haɗiye ta.

"Inna, ki gafarce ni, yau ba zan fita ba."

Ya ɗaga takardar ya fara karantawa, layi bayan layi, har ya kai kan jan rubutun. Sista ta buɗe ido ta galla masa harara.

"Takardata kake karanta mini? Ni na raba wa mata wannan takardar, ɗari nawa!"

"Na sani. Kuma na sha jin ki kin dawo gida kina faɗa, wai mace za ta zauna da ciwon kai kwana biyu kamar ba ta da hankali. Ke kika ce in kin samu mijin irin wannan matar sai kin wanke shi tas. To ga ni, ni ne mijin. Ki wanke ni, amma ki ba ni hannun."

"Ka raina ni ne?"

"Tef ɗina ne bai san Sista ba. Shida da rabi ya sani."

Ta buɗe baki za ta mayar masa, sai ta dafe kai da hannu biyu ta runtse ido. Da ciwon ya ɗan lafa ba ta janye hannun ba da ya kama. Hannun rigar ya ƙi naɗuwa ya wuce gwiwar hannu, dole ya ɗaura maɗaurin a kan yadin. Ya danna. Na'urar ta yi ta gurnani tana matsewa, su uku suna kallonta. Ɗari da saba'in da shida a sama, ɗari da goma sha huɗu a ƙasa. Ya duba takardar, ta ce daga ɗari da sittin bisa ɗari da goma a ruga asibiti.

"A kan riga ka ɗaura, ba daidai ba ne," ta ce, amma muryar ba ta Sista ba ce.

"To cire rigar in sake."

Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido ya shiga kunne.

"Na auna jiya da kuna waje," ta ce a hankali. "Ɗari da sittin da takwas."

"Jiya?" Inna ta zabura har Baƙuwa ta motsa. "Jiya kika sani?"

"Na ce zai sauka in na huta. Inna, a gado na uku na ɗakinmu na asibiti bara wata ta tafi a hannuna, da irin wannan, ta bar ɗan kwana biyar. Ba na son in kwanta a ɗakin can. Kuma yaran da nake wa faɗa kullum, su zan je in kwanta a gabansu su ce ashe Sista ma..."

Tela ya ji tausayinta ya cika shi, haushi kuma ya biyo baya, har bai san wanda zai fara furtawa ba. Inna ce ta riga shi. Ta miƙe tsaye, 'yar tsohuwar da ke neman izinin 'yarta kafin ta sha maganin tari, ta kira ta da sunan da rabon a ji shi tun ranar da ta sa farar riga.

"Auta! Tashi. Na ce tashi! Shekara takwas muna roƙon yarinyar nan, ki bar mini ita in ce mata me? In ce kunya ta kashe uwarki? Ɗan nan, nemo mota."

Maƙwabcinsu direban tasi ne, ya same shi yana wanke mota, kumfa har gwiwar hannu. Bai gama bayani ba Direba ya watsar da bokitin. Kan ka ce kwabo sun fito da ita, Tela na riƙe da kafaɗarta, silifas ɗinta ma sun ƙi shiga sai haka ta taka ƙasa. Inna ta shiga gaba da Baƙuwa, shi da matarsa suka shiga baya, ta ɗora kai a cinyarsa.

Tafiyar minti ashirin ce in hanya ta yi kyau. Hanya ba ta yi kyau ba. A bakin kasuwa wata babbar mota ta gindaya tana sauke buhuna, motoci sun yi layi, kowa ya ɗora hannu a kan oda kamar oda ce za ta ɗauke buhunan.

"Ka saurara," Sista ta ce, tana jan kalmomin. Ko a wannan hali sai ta ba da umarni. "In na fara jijjiga, ka juya ni ta gefe. Kar ka danne ni. Kar a sa mini komai a baki. Inna, kin ji? Ko cokali, ko ruwa."

"Ba za ki fara ba," ya ce.

"Ka ce ka ji."

"Na ji."

Direba ya leƙa ta taga yana ɗaga murya, "Mara lafiya! Ku ba da hanya, mai jego ce!" Wani mai baro ya ja baronsa gefe, wata mota ta matsa taku biyu, shi ke nan. Tela na kallon agogon mota, minti huɗu, minti shida. Gumi ya jiƙa masa riga. Yatsunsa na kan wuyan hannunta, yana jin jijiyar na bugawa da ƙarfi.

"Hadari ne ya haɗo?" ta tambaya. "Gari ya yi duhu."

Rana ce ƙwal, har kwalta na ƙyalli. Inna ta waiwayo suka haɗa ido da Tela, karo na farko a shekara takwas, babu wanda ya kau da kai.

"Direba, don Allah," ya ce.

Direba ya murza sitiyari ya haye gefen titi, ya bi ta tsakanin teburan masu lemo da bangon wani shago, madubin motar ya karce bango ya karye. Mutane na zagi suna tsalle gefe. Ko waiwaye bai yi ba.

A ƙofar ɗakin haihuwa wadda ta tare su ƙaramar nas ce, siririya, wadda Sista ta laƙaba wa 'Yar Kuka saboda a makonta na farko sau uku ta sa ta hawaye a kan rubutun fayil. Da ta ga wadda aka turo a keken marasa lafiya sai ta daskare, daƙiƙa ɗaya tak. Daga nan ta ƙwala wa abokan aikinta kira, ta aika a kirawo likita, ta ja gado.

"Tun yaushe kan ke ciwo?"

"Shekaranjiya," Sista ta ce. "Ki fara duba..."

"Shekaranjiya, kuma kika zauna a gida? Sista, yau ba ki da baki a ɗakin nan. Kwanta ta gefe."

Aka zo sa allura, hannun rigar ya ƙi ɗagawa, ya kama damtsen kam. 'Yar Kuka ta ja, ta sake ja. "Almakashi! Wa ya ɗauke almakashin nan?" Wata ta fara jan durowa tana zubar da kaya. Tela ya zura hannu a aljihun gaba ya fito da ɗan almakashinsa na yanke zare. Bai yanka yadin ba. Hannunsa ya bi kan ɗinki da kansa, daga wuyan hannu har kafaɗa, ya zagaya hammata, zaren da ya ɗinka da hannunsa yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, hannun rigar ya faɗo masa a tafi.

Allurar na shiga, gefen bakinta ya fara motsi. Sai ido ya juye, sai kafaɗa, sai jikin duka ya ɗauka, gadon ƙarfen na ƙara. Ya ji kansa yana ihu, "Kar a sa mata komai a baki!" kamar akwai wanda bai sani ba a ɗakin. Wani ya kama shi ta baya ya fitar da shi, ƙofar ta rufe.

Ya zauna a kan bencin baranda. Inna na gefensa tana jijjiga Baƙuwa da ke tsala kukan yunwa, leɓunanta na addu'a. Ta cikin ƙofar yana jin takun gudu da muryar likita, ba ya gane abin da ake cewa. Shuɗin hannun rigar na cinyarsa. Ya shiga tsince guntayen zare daga bakin ɗinkin, ɗaya-ɗaya, yana tarawa a tafin hannu, don in ya tsaya zai yi kuka a gaban surukarsa. Tsoro yake ji irin wanda bai taɓa ji ba, da nadamar layin nan ɗaya da ya tsaya ya ɗinka a shago.

"Ɗan nan," Inna ta ce, ba ta dube shi ba. "Da ka ji maganata ka tafi shago..."

"Ki bari, Inna."

"Ba zan bari ba. Allah ya yi maka albarka da ka ƙi jin maganata."

An fi rabin awa kafin ƙofar ta buɗe. 'Yar Kuka ce, hularta ta karkace, idonta ja. Tela ya miƙe, zaren ya zube ƙasa.

"Jijjigar ta tsaya. Sau ɗaya ta yi, kuma maganin ya riga ya shiga. Hawan jinin ya fara sauka, likita na tare da ita." Ta ja numfashi. "Da a gida ta yi wannan, ko a mota... Wa ya gane?"

Inna ta nuna shi da haɓa. "Telan nan."

'Yar Kuka ta dubi tef ɗin da ke wuyansa, ta dubi guntun rigar. Ta buɗe baki za ta yi magana sai kuka ya ƙwace mata, ta koma ciki da sauri.

Kwana biyar Sista ta yi a gado na uku, don shi kaɗai ne babu kowa ranar. Ta sha magani a kan lokaci, ta ci abin da aka ba ta, ta yi barci in an ce ta yi, kuma ko sau ɗaya ba ta gyara wa kowa rubutun fayil ba, abin da ma'aikatan suka ce ya fi komai ba su tsoro. Safiyar da za a sallame ta Tela ya zo da rigar a goge a cikin leda. Ya mayar da hannun a kan tsohon layinsa, bai ƙara ko kwata ba. Inna ta taya ta sawa, sannan ta ɗauki Baƙuwa ta matsa wajen taga.

Ya kai hannu zai sa maɓallin, ta janye.

"Auna tukuna."

Ya sauke tef ya zagaya. Ya daɗe yana kallon lambar.

"Nawa?"

"Shida da rabi."

Ta kama bakin tef ɗin ta riƙe gam, kanta a sunkuye. "Na kusa mayar da ita marainiya saboda kar a yi mini dariya," ta ce. "Ka yafe mini. Kullum da safe ka riƙa aunawa, da wannan da na'urar. In na yi gardama ka kira Inna."

"Za ki yi gardamar kuwa."

"Zan yi."

Ya ja bakin hannun rigar ya haɗa, maɓallin ya kai ƙofarsa har da sarari. Mutumin da ke zura zare a allura ba tare da ya duba ba, sai da ya gwada sau uku kafin maɓallin ya shiga.